Gida a Bakin Ruwan Obhur da Kwalekwale a Ƙofa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗan kasuwa a Jidda ya rubuto cewa yana son kama hayar gida a Obhur ta Arewa, unguwar da ke bakin Bahar Maliya a arewacin birnin, inda zai riƙa ɗaure kwalekwalensa a bayan gida, yana tambayar abin da ya kamata ya duba.

Alhaji, kada ka je kallon gidan da la'asar sakaliya, lokacin da iska ke kaɗawa kowane gida ya yi kyau. Je ka da rana tsaka, ka ɗaga kai ka dubi ƙarƙashin baranda da ginshiƙai. In ka ga siminti ya tsage, jan ruwa ya zubo ya bushe a jikin bango, to rodin da ke ciki ya riga ya kumbura da tsatsa, kuma fenti ba ya maganin wannan. Ka buɗe bayan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ka ga halin da ƙarfensa yake ciki. Sannan a rubuta a yarjejeniyar Ejar, wato shafin gwamnati na rajistar haya, wanda zai biya gyara, da kuma ko wurin ɗaure kwalekwalen yana cikin kuɗin hayar, domin alkawarin dillali na baka ba ya tsayawa a gaban alƙali. Shekara guda za ka kama tukuna.

Wani saurayi kuma ya ga kwalekwalen fayiba na hannu a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, da injin Yamaha a bayansa, a farashin da shi kansa ya ce ya ba shi mamaki. Mai sayarwa ya yi masa alkawarin haɗa shi da wanda ke kawo kayan gyara a rabin kuɗi.

Ɗana, wannan alkawarin na kayan gyara shi ya fi tayar mini da hankali. Bahar Maliya tana cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya: kusan giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna ba su wuce 35 ba, saboda zafin rana yana ƙafar da ruwan kuma babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinta. Wannan gishirin ba ya barin ƙarfe ya huta ko da kwalekwalen yana ɗaure. Shi ya sa ake liƙa ɗan dunƙulen tutiya a ƙasan injin, domin gishiri ya cinye shi ya ƙyale injin. Na jabu ana narka shi da kowane irin tarkacen ƙarfe, sai ka gan shi wata da watanni yana nan sumul, kana murna ka yi sa'ar mai ƙarko, ashe injinka ne ake ci a madadinsa. Haka robar famfon da ke jawo ruwa ya sanyaya injin: ta gaskiya ana canza ta kusan duk shekara, ta jabu kuwa fukafukanta kan kakkarye ba sallama, siririn ruwan nan da ke tsartuwa a bayan injin ya ɗauke, kafin ka ankara injin ya ƙone. Ga baƙin mai da ake ɗurawa a tsofaffin galan a manna masa takarda sabuwa, ga fulogi, ga rigar ceto mai launin lemo wadda ke shan ruwa ta yi nauyi a jikin yaro. Motar da ta lalace a titin Madina sai ka gangara gefe ka kira bakanike. A teku babu gefen titi, iskar arewa ce za ta yi ta tura ka zuwa kan duwatsun murjani. Abin da ke ba ni takaici shi ne mutum ya zuba dubban riyal a lasifika da fitilu masu walƙiya, sannan ya tsaya cinikin riyal hamsin a kan abin da ransa ya rataya a kai. Ka sayi kaya wurin wakilin kamfani, ka karɓi fatura mai lambar haraji, in kuma aka sayar maka da jabu ka kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900. Shi kwalekwalen kuwa, kada ka biya ko halala sai an fito da shi daga ruwa, bakaniken da kai ka zaɓo ya ƙwanƙwasa gindinsa, ya auna ƙarfin injin, ya kwance man giya ya ga ko ya koma fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga. Ka kuma lissafa kuɗin marsa, wato tashar ɗaure kwalekwale, da fentin gindi na shekara-shekara, da juyen mai duk awa 100, da wanke injin da ruwan daɗi duk dawowa. In lissafin ya fi ƙarfinka, haya ta yini guda ba abin kunya ba ce.

Wani ya tambaya ko zai iya ɗibar iyali goma sha biyu a kwalekwale mai cin mutum shida ranar Sallah, tunda ba nisa za su yi ba, kuma ko lallai sai da izini. Malam, ka san amsar kafin ka rubuto. Rajistar kwalekwale wajibi ce, haka ma izinin fita daga Masu Tsaron Iyaka, hukumar da ke gadin gaɓar teku, kuma ruwan da ya shanye kan mutum ba sai an yi nisa ake samunsa ba.

Ta ƙarshe wata Hajiya ce, wadda maigidanta ya kama gida a bakin ruwa, tana da ƙananan yara uku, ta ce ba ta iya barci, tana tuna ambaliyar 2009.

Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, tsoronki na uwa ne kuma yana da amfani. Ambaliyar Nuwamba 2009 da ta kashe fiye da mutum 100 ruwan sama ne da ya gangaro daga duwatsun gabas, unguwanni irin su Kuwaiza suka fi jin jiki, ba teku ce ta taso ba. Abin dubawa shi ne ko gidan yana cikin kwari, da inda ruwan titi ke bi. Game da yara, ki sa a yi shinge tsakanin tsakar gida da ruwa, da ƙofa mai rufe kanta wadda sakatarta ta fi hannunsu tsawo, kafin ku tare. A saka su makarantar koyon iyo, kowa da rigar ceto daidai nauyinsa, wadda ke da maɗauri tsakanin ƙafafu. Ki rubuta 994, lambar Masu Tsaron Iyaka, ki manna a jikin firji, kuma duk ranar da maigida zai fita ya gaya miki inda ya nufa da lokacin dawowarsa.