Tambaya da Amsa: Muryar Caruso, Dutsen Tozali da Iyafis Ɗin Wayarka

Wata ɗaliba mai karatun aikin jarida daga Zariya ta rubuto: Malam, barka da aiki. An ba mu jinga a kan tarihin rediyo. Na ci karo da wani bidiyo a YouTube da aka rubuta wai muryar mawaƙi Enrico Caruso ce a ranar da aka watsa opera ta rediyo a 1910. Har na sauke shi a wayata. In sa shi cikin aikina?

Ƙanwata, kada ki sa shi da wannan suna. Muryar tana iya zama ta Caruso, domin ya bar faya-fayan garmaho masu yawa kafin rasuwarsa a 1921. Amma shirin na 1910 babu wanda ya naɗe shi. Mai bidiyon faifai ya ɗauko, wataƙila ya ƙara masa shuu-shuu don ya yi kama da tsohon rediyo.

Abin da ya faru shi ne, ranar 13 ga Janairun 1910 wani Ba'amurke mai ƙere-ƙere, Lee de Forest, ya kafa na'urarsa a gidan wasan Metropolitan da ke New York. Opera, ga wanda bai sani ba, wasan kwaikwayo ne na Turawa da ake rera dukkan maganarsa da waƙa, ga tarin makaɗa a gaban dandamali. De Forest ya ajiye makirufo a bakin dandamalin, ya ja waya zuwa saman ginin inda ya ɗaura eriya. Masu saurare ba su da yawa: 'yan jarida da aka gayyata, masu sha'awar haɗa na'urori a gida, sai ma'aikatan tangarahon jiragen ruwa da ke tashar birnin. Kowannensu da abin ji a kunne. Abin da ya iso musu kuwa, rabi waƙa rabi ƙara, ga ƙit-ƙit ɗin saƙonnin tangaraho yana katse ta. Jaridu ba su yaba ba.

Laifin ba na Caruso ba ne. Makirufon lokacin irin na wayar tarho ne, mai garin gawayi a ciki, an yi shi ne don bakin da ke kusa da shi, ba don mutum yana kai da kawowa a dandamali ba. Sannan babu abin da zai ƙara wa sauti ƙarfi. Ƙwan lantarkin da zai yi wannan aiki de Forest ɗin ne ma ya ƙirƙiro shi a 1906, amma sai wajen 1912 aka gano yadda za a sa shi ya ƙarfafa sauti. Kin ga ke nan ya riga kayan aikinsa isowa.

Haka za ki yi hattara da labarin Reginald Fessenden, wanda ake cewa a jajibirin Kirsimeti na 1906 ya kaɗa gogen Turawa ya karanta Baibul daga Brant Rock a jihar Massachusetts. Cewa ya aika murya ta iska tun a 1900, wannan tabbas ne. Amma labarin daren Kirsimetin daga wasiƙar da ya rubuta a 1932 ya fito, kuma masana tarihi har yau suna ja-in-ja a kansa. Rubuta "an ce", ki huta. Shi ma sautin da ke yawo na tashar KDKA ta Pittsburgh tana karanta sakamakon zaɓen shugaban Amurka ranar 2 ga Nuwamban 1920, sake shi aka yi daga baya don tunawa.

Hanya mai sauƙi ta gane irin wannan: duk sautin da aka ce na rediyo ne kafin 1925, ki tambayi da me aka naɗe shi. Kafin shekarar, sai mawaƙi ya tsaya gaban wani babban ƙaho yana rera waƙa, allura tana zana sautin a kan kaki. Faifai guda kuma fuskarsa ba ta wuce 'yan mintuna. Opera mai awa uku ina za ta shiga?

Wani mai shago a Maraɗi: Injiniya, me ya sa rediyon wayata ba ya kamawa sai na sa iyafis? Na sayi na Bluetooth mai tsada, ya ƙi. Ko wayar ce ta lalace?

Wayarka lafiyarta ƙalau, Alhaji. Igiyar iyafis ɗin ita ce eriya. Tashoshin FM suna tsakanin lamba 87.5 da 108 a jikin rediyo, kuma tsawon zangonsu, wato tsawon kowace kaɗawar siginarsu a iska, kusan mita uku ne. Eriyar da za ta kama su da kyau tana son ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan tsawo, wajen santimita 75, abin da ba zai shiga cikin siririyar waya ba. Igiyar iyafis kuwa ta kai mita guda, sai masu ƙera waya suka ce a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na Bluetooth ba shi da igiya, don haka ba shi da abin kamawa. Nemi mai igiya ko na arha ne, ka soka, ka warware igiyar, sannan ka taɓa alamar lasifika a cikin manhajar rediyon don kowa a shagon ya ji. Wasu ƙananan wayoyin Tecno da Itel suna zuwa da eriyarsu a ciki. iPhone kuwa ba ta da rediyon FM sam.

Tambayarka ta tuna mini da akwatin da mutane suka fara sauraron kiɗa da shi a farkon shekarun 1920. Ba batir, ba wutar lantarki. Doguwar waya ce ake ɗaurewa daga rufin ɗaki zuwa bishiya, wata kuma a haɗa ta da bututun ruwa ko ƙarfen da aka kafa a ƙasa. A tsakiya akwai ɗan guntun dutse mai sheƙi, wanda ba wani ba ne illa dutsen darmar nan da iyayenmu mata ke niƙawa su yi tozali. Mai saurare zai riƙa lalubar jikin dutsen da wata siririyar waya kamar gashin bakin kyanwa, har ya dace da wurin da sauti ke fitowa. Wani ya bugi tebur, shi ke nan, a koma lalube. Ƙarfin da ke motsa abin jin daga iskar tashar kawai yake zuwa, shi ya sa mutum ɗaya ne ke iya ji a lokaci guda, sauran 'yan gida suna zaune suna kallon fuskarsa.

Wani dattijo daga Kumasi, ta hannun jikansa: Ina jin tashoshin Kano da Kaduna a waya ta intanet. Yaran nan sun ce data nake ƙonawa. Gaskiya ne?

Gaskiya suka faɗa, Baba, amma ba ta kai yadda suke zuzutawa ba. Rediyon FM na cikin waya ba ya cin data ko kaɗan, sai dai ba zai kawo maka Kano daga Kumasi ba. Na intanet kuwa, tasha mai matsakaicin sauti tana cin kusan megabait 30 a awa guda, mai sauti garau ta ci ninkin haka. Idan manhajar tana da wurin rage ingancin sauti, jikanka ya rage maka, domin labarai da hira ba sa buƙatar abin da kiɗa ke buƙata. Abin da ke kwashe data shi ne kallon shirin da hoto a Facebook ko YouTube.

Kuma wannan biyan kuɗi don sauti ya zo maka ta layi ya girmi rediyo kansa. A birnin Faris, daga 1890, mai tarho a gida yana iya biya a haɗa shi da gidan opera ya saurara daga kujerarsa, kuma sai 1932 kamfanin ya rufe bayan rediyo ya ƙwace masa kasuwa. A Budapest tun 1893 ake karanta labarai ta tarho. Mu ma ta igiya rediyo ya fara iso mana: Accra da Legas a 1935, Kano a 1944, akwati a rataye a bango ana biyan haya, ba ka da zaɓin tasha. Na san akwai sa'anninka da suka tarar da shi.

Wani matashi daga Gombe: Malam, ni ke watsa karatun malaminmu kai tsaye a Facebook duk Asabar. Hoto tar, amma jama'a suna ƙorafin ba sa fahimtar magana. Wace waya zan saya?

Kada ka sayi waya. Na tabbata kana tsayawa can baya ne don hoto ya ɗauki kowa, makirufon wayar yana kwasar amsa-kuwwar lasifikar masallaci da ƙarar fanka. Kuskuren de Forest ke nan, bayan shekara ɗari da ɗoriya.

Dubi yadda aka gyara shi. Ranar 15 ga Yunin 1920, jaridar Daily Mail ta biya fitacciyar mawaƙiyar Ostareliya Nellie Melba fam dubu ta rera waƙa a masana'antar Marconi da ke Chelmsford a Ingila. Ba su bi ta gidan wasa ba, ita suka kawo gaban makirufo. Makirufon ma bakin tarho ne aka yi masa ɗan ƙaho da katakon akwatin sigari. Da wannan aka ji ta a ƙasashen Turai da dama. Bayan wata biyu, ranar 27 ga Agusta, Enrique Susini da abokansa uku suka hau rufin gidan wasan Coliseo a Buenos Aires ta Ajantina suka watsa opera sukutum da ƙaramar na'ura, har aka yi musu laƙabi da mahaukatan kan rufi. Suka ci gaba dare bayan dare, suna koyon inda ya kamata makirufo ya zauna.

Don haka sayi ɗan makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, ka sa wa Malam kimanin taƙi guda daga bakinsa. In masallacin yana da na'urar haɗa sauti, mafi kyau ka ja igiya daga ita zuwa wayar, amma ka nemi mahaɗin da ya dace, ka rage ƙarfi, in ba haka ba sautin zai fashe. Kashe fankar da ke saman kansa. Ka yi gwaji na minti ɗaya ka saurara da iyafis kafin jama'a su taru.

Saura abu guda, wanda sai ka yi dabara wajen faɗa masa. Lokacin da BBC ta naɗa Hilda Matheson shugabar sashen jawabai a 1927, babban aikinta shi ne koya wa manyan masana su daina yi wa makirufo lacca kamar suna gaban dubban mutane, su yi magana kamar da mutum ɗaya a ɗakinsa. Mai sauraron Malam a waya shi ma shi kaɗai ne, abu a kunne. In makirufo na wuyan riga, ba sai an ɗaga murya ba, kuma idan wani ya yi tambaya daga cikin sahu, Malam ya maimaita ta kafin ya amsa.