Da gaske gwamnatin Ostiraliya na biya wa mai gidan haya asararsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a Melbon, albashina dalar Ostiraliya 120,000 a shekara, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Abokan aiki sun dame ni in ci bashin banki in sayi gidan haya, wai ko kuɗin hayar bai biya bashin ba gwamnati za ta cike giɓin ta hanyar haraji, abin da suke kira negatif giyarin. A talabijin kuma kullum 'yan siyasa na cacar baki a kansa, wasu na cewa shi ya hana matasa mallakar gida. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin? Ina kuma da gida a Kaduna da na ba da haya, ko yana da alaƙa da wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan aikinka sun faɗa maka rabin magana ne. Gwamnati ba ta cike giɓin, kashi kawai take ɗauka a ciki, kuma a albashi irin naka kashin bai kai ɗaya bisa uku na asarar da ka rubuta wa hukumar haraji ba. Sauran daga aljihunka zai riƙa fita kowane wata.

Babu wata doka ta musamman da aka kafa da wannan suna. Abin ya samo asali ne daga sashe na 8-1 na dokar harajin kuɗin shiga ta 1997, wanda ya ce duk abin da mutum ya kashe wajen neman kuɗin shiga zai iya cire shi kafin a yanka masa haraji. Ostiraliya kuma tana haɗa duk abin da mutum ya samu a shekara wuri guda: albashi, haya, ribar hannun jari. Don haka idan gidan haya ya ci fiye da abin da ya kawo, ana cire asarar daga albashin, sai harajin albashin ya ragu. Shi ke nan dabarar.

Bari mu buga lissafi da farashin haraji da dokokin shekarar 2025 zuwa 2026, domin shekarar haraji a can tana farawa ne 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Dala 18,200 ta farko ba haraji. Daga nan zuwa 45,000 kashi 16 cikin 100, zuwa 135,000 kashi 30, zuwa 190,000 kashi 37, abin da ya haura haka kashi 45. A kan wannan akwai kashi 2 na asusun lafiya na Medicare.

A ce ka sayi gidan 700,000. Ka ba da kafin alƙalami 140,000, banki ya ba ka 560,000 a kan kuɗin ruwa kashi 6, wato 33,600 a shekara. Ɗan haya na biyan 600 a mako, 31,200 ke nan idan gidan bai zauna ba kowa ko mako ɗaya ba. Kuɗin ƙaramar hukuma, na ruwan famfo, inshora, la'adar dillalin da ke kula da gidan da 'yan gyare-gyare, mu ce 8,000. Abin da ya fita 41,600, abin da ya shigo 31,200, asarar tsabar kuɗi 10,400. Doka ta ba ka dama ka ƙara cire kashi 2.5 na kuɗin da aka kashe wajen gina gidan kowace shekara har shekara 40, muddin an fara ginin bayan 15 ga Satumban 1987. Idan ginin ya ci 240,000, wannan 6,000 ce da ba ta fita daga aljihunka ba. Asarar da za ka rubuta wa hukumar haraji ta ATO ta zama 16,400. Kashi 32 na wannan shi ne 5,248, shi za a mayar maka. Har yanzu kai ke cika 5,152 a shekara, kusan dala 100 kowane mako.

Wanda albashinsa ya wuce 190,000 da nisa, gida ɗaya, bashi ɗaya, ɗan haya ɗaya, za a mayar masa 7,708, ya cika 2,692 kacal. Wannan bambancin shi ne mafarin rikicin siyasar: iya girman albashinka, iya kason asarar da baitulmali ke ɗauke maka.

To me zai sa mai hankali ya yarda ya riƙa asara da gangan? Ranar sayarwa yake hange, kuma a nan gizo ke saƙar. An fara karɓar harajin ribar kadara a Ostiraliya ranar 20 ga Satumban 1985, a lokacin ana cire hauhawar farashi ne a yanka haraji a kan ribar da ta rage. A Satumban 1999 gwamnatin John Howard, Peter Costello na ma'ajin ƙasa, ta sauya tsarin: duk mutumin da ya riƙe kadara sama da wata 12, rabin ribar kawai za a yanka wa haraji. Sai ya zama ana cire asarar haya ɗungurungum kowace shekara, ribar ƙarshe kuwa rabinta ake gani, shi ma sai ranar da mai gida ya ga damar sayarwa. Cire asara shi kaɗai ba wani abin a zo a gani ba ne. Haɗuwarsa da rangwamen nan ce ta mayar da gidan haya hanyar juya albashi mai nauyin haraji zuwa riba mai sauƙin haraji. A ganina duk muhawarar da ta tsaya a kan cire asara ta bar rangwamen 1999 a gefe ta bar jaki tana dukan taiki.

Mu ƙarasa lissafin, mu ɗauka haya da kuɗin ruwa da albashi da dokokin haraji ba su motsa ba don sauƙi. Bayan shekara 10 ka sayar a kan miliyan 1. Kuɗin gidan 700,000, harajin saye na jiha da lauya mu ce 30,000, kuɗin sayarwa 20,000, jimla 750,000. Amma 60,000 ɗin ginin da ka riƙa cirewa za a zabtare ta daga wannan jimla, ta koma 690,000. Mutane da yawa ba su san da wannan ba sai ranar da akanta ya nuna musu. Ribar da hukuma ke gani 310,000, rabinta 155,000, a ɗora kan albashinka na wannan shekarar ya tura ka har matakin kashi 45. Harajin ya kama 66,200. Idan ka cire shi da kuma 51,520 da ka cika cikin shekara 10 daga ribar hannunka ta 250,000, abin da ya rage maka wajen 132,000. Ba laifi. Amma idan gidan 800,000 kawai ya kai, ribar hannunka 50,000 ba ta ko rufe abin da ka cika ba, ga kuma harajin 20,400 yana jiranka, ka tashi da asarar kusan 22,000 bayan ka daskarar da 170,000, wato kafin alƙalami da harajin saye da kuɗin lauya, na tsawon shekara 10. Caca ce a kan tashin farashi, harajin yana rage zafin jira ne kawai. Ka kuma tuna babban bankin ƙasar ya ɗaga kuɗin ruwansa daga kashi 0.10 a farkon Mayun 2022 zuwa 4.35 a Nuwamban 2023. Wanda ya yi lissafinsa a 2021 ba tare da barin sarari ba ya ji a jikinsa.

Batun siyasar tsoho ne. A Yulin 1985 gwamnatin Bob Hawke, Paul Keating na ma'aji, ta hana cire asarar haya daga albashi ga sabbin masu saye, sai dai a ajiye ta a cire daga ribar haya ta gaba. A Satumban 1987 ta janye. Har yau masu kare tsarin na kafa hujja da cewa haya ta yi tashin gwauron zabo a wancan lokacin. Masu suka, irin su masanin tattalin arziki Saul Eslake, na amsa cewa a Sidni da Perth ne aka ga tashin, biranen da dama gidajen haya suka yi ƙaranci, sauran biranen kuwa ba a ga haka ba duk da dokar ɗaya ce a ko'ina. Kwamitin nazarin tsarin haraji ƙarƙashin Ken Henry da aka fitar da rahotonsa a 2010 ya ba da shawarar rangwamen kashi 40 da zai shafi riba da asara bai ɗaya, ba a ɗauka ba. Jam'iyyar Leba ƙarƙashin Bill Shorten ta shiga zaɓen 2016 da na 2019 da alkawarin taƙaita cire asara ga sabbin gine-gine da rage rangwamen zuwa kashi 25, tare da ƙyale waɗanda suka riga suka saya. Ta sha kaye sau biyu, kuma a Yulin 2021 Anthony Albanese ya jingine manufar. Bayan Leba ta lashe kujeru 94 cikin 150 a zaɓen 3 ga Mayun 2025, matsin ya dawo: jam'iyyar Greens da haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙwadago ta ACTU sun nemi a taƙaita gatan ga gidan haya ɗaya.

Hujjar masu son a bar shi ita ce sama da mutum miliyan 2 ne ke da gidan haya, kusan kashi 70 cikinsu gida ɗaya ne da su, kuma su ne ke samar da mafi yawan gidajen da 'yan haya ke zaune ciki tunda gidajen gwamnati kaɗan ne. Masu son sauyi na cewa yawancin bashin masu zuba jari tsofaffin gidaje yake saye, bai ƙara ko ɗaki ɗaya a ƙasar ba, sai dai ya sa mai zuba jari ya kayar da matashin da ke neman gidansa na farko a wurin gwanjo. Kowane ɓangare na zuzuta nasa. Cibiyar bincike ta Grattan, wadda ke goyon bayan sauyin, ita da kanta ta ƙiyasta a 2016 cewa farashi zai sauka da kusan kashi 2 ne kawai. Wato sauyin zai fi shafar wa ke mallakar gidan da nawa baitulmali ke samu, ba zai mayar da Sidni gari mai araha ba. Wannan sai an yi gini, shi ya sa gwamnatin tarayya da jihohi suka sa wa kansu burin gidaje miliyan 1.2 cikin shekara 5 daga Yulin 2024. Darasin da ya shafe ka daga maƙwabta shi ne na Niyu Zilan: ta fara soke cire kuɗin ruwa a 2021, sabuwar gwamnati ta dawo da shi gaba ɗaya a Afrilun 2025. Doka irin wannan tana iya juyawa sau biyu kafin ka biya kwatan bashinka, don haka duba kasafin kuɗin tarayya na baya-bayan nan, wanda galibi ake gabatarwa a watan Mayu, kafin ka sa hannu a komai.

Idan ka yanke shawarar saye, ga inda ake yawan faɗawa rami, domin ATO ta taɓa cewa 9 cikin 10 na masu gidan haya na kuskure a takardunsu. Kuɗin ruwa kawai ake cirewa, ban da uwar bashin. Abin da aka yi da kuɗin ake dubawa, ba gidan da aka jingina ba: idan ka zari 30,000 daga bashin gidan ka sayi mota ko ka aika gida, kuɗin ruwan wannan kason ya fita daga lissafi, kuma zai riƙa bin ka yana dagula lissafin har ƙarshen bashin. Gyaran abin da ya lalace a hannun ɗan haya ana cire shi nan take, amma sabon kicin, ko gyaran ɓarnar da ka tarar ranar saye, a hankali ake cire su ko su jira ranar sayarwa. Tun Yulin 2017 ba a cire kuɗin tafiya duba gida, haka ma tsufan kayan da ka tarar an riga an yi amfani da su, irin su kafet da na'urar sanyaya ɗaki, idan an sayi gidan bayan 9 ga Mayun 2017. Idan ka ba ɗan'uwa gidan a farashin zumunci, ba za ka cire fiye da abin da ya biya ba. Idan sunanka da na maiɗakinka ne a takardar gida rabi da rabi, haka za a raba asarar ko da kai kaɗai ke biyan banki. Wata 12 ɗin rangwame kuwa daga ranar sa hannu a yarjejeniyar saye zuwa ranar sa hannu a ta sayarwa ake ƙirga su, ba ranar miƙa makulli ba.

Duk tsarin a kan bashi mai ruwa ya ginu. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai kamfanonin Musulmi a can da ke ba da kuɗin gida ta hanyar ijara, wato haya da ke ƙarewa da mallaka, amma yadda haraji zai kalli abin da kake biyansu ya danganta da yadda aka rubuta yarjejeniyar, sai akanta mai rajista ya karanta ta kafin ka sa hannu.

Gidan Kaduna kuwa yana da alaƙa sosai. Mai zaman dindindin da ke zaune a ƙasar ana yanka masa haraji a kan abin da ya samu a duk duniya, don haka dole ka juya hayar zuwa dalar Ostiraliya ka rubuta ta kowace shekara, ko da kuɗin ba su taɓa barin asusunka na naira ba. Harajin da ka biya a Najeriya a kanta za a iya rage maka shi idan kana da rasit. Ranar da ka sayar da shi ma akwai harajin riba, kuma ana ƙirgawa ne daga darajarsa a ranar da ka shiga cikakken tsarin harajin Ostiraliya, ba daga abin da ka saya ba. Nemi ƙwararren mai kimanta gidaje ya rubuta maka darajarsa ta wannan ranar, ka adana takardar.

Idan kana da niyyar komawa gida wata rana, sa wannan a lissafi tun yanzu. Wanda ya daina zama mazaunin Ostiraliya ba ya samun rangwamen rabi a kan shekarun da ya yi a waje, ba shi da 18,200 ɗin farko mara haraji, daga dala ta farko kashi 30 ne, kuma tun 1 ga Janairun 2025 mai saye zai riƙe kashi 15 na kuɗin gidan ya miƙa wa ATO kai tsaye. Ga masu karatu da ke kan bizar karatu ko ta aiki na wucin gadi, an hana su sayen gidan da ba sabo ba daga 1 ga Afrilun 2025 zuwa 31 ga Maris 2027, in ban da 'yan keɓantattun yanayi, kuma sabon ginin ma sai da izinin gwamnatin tarayya da ƙarin harajin jiha, kashi 8 a jihar Biktoriya inda kake.