Yaya zan koyar da ilimin gadon halitta a ajin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati a Gusau, yarana sun haura saba'in a aji guda, kuma ba mu da ɗakin gwaje-gwaje. Na koyar da gadon halitta, sun haddace, amma da na sauya tambaya kaɗan sai su rikice. Wane aikin hannu zan ba su? Wata abokiyar aikina ta ce in sa kowa ya zano danginsa, ya nuna wa ya yi kama da wa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri. Abu biyu ake so ɗan shekara 13 ya fita da su daga wannan darasi: uwa da uba kowa rabi yake bayarwa, kuma babu mai zaɓen rabin da zai je ga ɗa. Gwangwani biyu na wake sun isa a nuna wannan.

Ki raba ajin rukuni goma. Kowane rukuni ya sami baƙar leda biyu, ɗaya uwa, ɗaya uba, a zuba farin wake 20 da ja 20 a kowace. Fari shi ne A, ƙwayar gadon jini mai lafiya, ja shi ne S, ƙwayar gadon sikila, wato iyayen duka AS ne; wanda ya gaji S daga duka biyun, wato SS, shi ne mai sikila. Yaro ya sa hannu ba tare da ya leƙa ba, ya ɗauko ƙwaya ɗaya daga kowace leda, a rubuta abin da ya fito, a mayar, a girgiza. Kowane ɗauki haihuwa ɗaya ce. Su yi sau 40, sannan ki tara lissafin duka ajin a allo. Cikin 400 za ki ga AS sun kusa 200, AA da SS kowanne ya kusa 100.

Kada ki yi saurin wuce takardun rukunin, nan darasin yake. Za a sami waɗanda SS ya fito musu sau uku a jere, wasu kuma su yi ɗauki goma bai fito ba. Ki tambaye su dalili, ki bar su su yi gardama. Manya da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka cewa idan AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne kawai zai zo da sikila, wai idan na fari ya zo da ita sauran uku sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ɗaya bisa huɗu, tunda waken da aka ɗauka an mayar da shi leda. Daga nan ki cika ledar uba da fari zalla, su sake yi, su gani da idonsu cewa SS ba ya fitowa. Sai bayan wannan ki zana musu akwatin nan mai gida huɗu na Punnett, wanda ke nuna haɗuwar abin da uwa da uba za su iya bayarwa. Idan aka fara da shi, hadda za su sake yi.

Wannan magana ta gida ce. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, kuma an ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif. Idan wani ya tambayi me ya sa S ta yi yawa a nan, ki gaya masa AS na ba da kariya daga maleriya mai tsanani, kamar yadda masanin kimiyya Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954.

Ki ba su labarin Gregor Mendel ma, wanda ya kafa tushen ilimin gadon halitta, domin ƙirgar da suka yi ita ya yi a lambunsa a birnin Brno, a ƙasar Czech ta yau, daga 1856 zuwa 1863, da koren waken nan da ake sa wa a soyayyar shinkafa. A gwaji guda ya sami ƙwaya 5,474 masu santsi da 1,850 masu tamoji. Su raba da kansu, za su sami kusan uku da ɗaya, daidai da nasu idan suka haɗa AA da AS suka gwada da SS.

Ledojin nan za su yi miki wani aiki da nake ganin yana da muhimmanci ƙwarai. X da Y su ne abubuwan gadon da ke bambanta mace da namiji: ki rubuta X a marafan kwalba ki cika ledar uwa, ta uba kuma rabi X rabi Y. XX mace, XY namiji. Yara za su gane cewa daga ɓangaren uba bambancin ke fitowa, kuma shi ma ba zaɓa yake yi ba. Mata nawa ake goranta wa haihuwar 'ya'ya mata a gidajenmu?

Idan kina so su ga DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, ki dame ayaba da ruwa da ɗan gishiri da sabulun wanke-wanke na ruwa, ki tace da ƙyalle, ki tsiyaya sifirit mai sanyi a hankali a kai. Farin abu mai yauƙi zai taso. Ke za ki riƙe sifirit ɗin, nesa da wuta.

Shawarar abokiyar aikinki kuwa, ban goyi bayanta ba. A aji mai yara saba'in akwai maraya, akwai ɗan riƙo, akwai wanda bai yi kama da kowa a gidansu ba. Launin fata da tsayi ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su samar da su, ba sa bin lissafin wake, kuma yaro na iya komawa gida da zargin da ba shi da tushe. Haka nan kada ki tambayi kowa jinotayif ɗinsa a gaban aji, kuma ki kula da kalamanki, domin mai yiwuwa akwai mai sikila zaune yana sauraron ki. Maimakon dangi, su ƙirƙiro wata dabba ta yumɓu. Ki rubuta a allo wane hali ke rinjaye, misali dogon kunne a kan gajere, ƙaho a kan rashinsa, su ɗauki wake don kowane hali, sannan su gina ɗan da ya fito. A jera su a taga su bushe, a ga yadda 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya suka bambanta.