Amsa: Ana cin abinci da tarihin manyan gidajen karkarar Ingila?

Malam, ka tambaya ko mai nazarin tarihin manyan gidajen karkarar Ingila yana samun abin sawa a bakin salati. Yana samu, amma ba ta ƙofa ɗaya ba.

Dubi Mark Girouard, masanin tarihin gine-gine ɗan Birtaniya, wanda ya rasu a 2022. A 1958 ya kama aiki da mujallar Country Life, yana zagaya gidajen masu sarauta, yana tonon tsofaffin takardun iyalai, yana rubutu. Digirinsa na dakta a kan maginin zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya ne, Robert Smythson. Littafinsa na 1978 kan rayuwa a waɗannan gidaje shi ya fito da sunansa, domin bai tsaya kan bango da ginshiƙi ba. Ya bi diddigin inda barori ke kwana, da matattakalar bayan gida da aka yi musu don kada su yi kiciɓis da maigida. A ganina nan daɗin fannin yake.

Guraben jami'a kaɗan ne, gaskiya. Yawanci ƙungiyar National Trust ko hukumar Historic England, masu kula da wuraren tarihi a Ingila, ke ɗaukar mutum, ko masu gyaran tsofaffin gine-gine. Ka fara koyon karanta zanen gini da tsohon rubutun hannu tun yanzu.