Kafin Yayanka Ya Biya Kuɗin Gidan Nan

Ka ce yayanka ya ga gida mai ɗaki uku da falo, an yi masa sabon fenti, dillali yana cewa in bai biya cikin satin nan ba wani zai ɗauka, kana so in faɗa maka abin da za ka duba masa. To ajiye wayar nan tukuna. Kullum kana bina da cokalin gini a hannu, amma abin da ya fara fitowa daga bakinka fenti ne. Haka kuke yaran yanzu, ido na kan tayil da silin, ba mai tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Fara da ƙasar. Kano cike take da tsofaffin kududdufai inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini. Da gari ya cika, sai aka riƙa cike su da shara da ɓaraguzai, a yanka fuloti a sayar. Irin wannan wuri bai gama zama ba, yana iya ɗaukar shekaru yana nitsewa a hankali. Kada ka tambayi dillali. Nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin, ka gaishe shi, ka tambaye shi me ke wurin nan kafin a gina.

Akwai wani mai gida da ya gina a kan irin wannan cikon. Bangon falo ya tsage daga kusurwar taga har sama, hannu na shiga. Ya zo nan yana so a toshe masa da siminti a shafe, ba ya son a taɓa tushe, don sayarwa zai yi. Na ce ba na irin wannan aiki. Bai rasa mai yi ba. Aka cusa takardar buhun siminti a ramin, aka yi fulasta, aka bi da fenti kala biyu, aka sa a kasuwa a watan Maris, lokacin da ko'ina ya bushe ƙamas. Wani malamin firamare da ya yi ritaya ya kwashe kuɗin sallamarsa kaf ya saya. Ko magini ɗaya bai kira ya duba ba, saboda mai gidan ya rantse masa da Allah. Ruwan Agusta na sauka ƙofofi suka daina rufuwa, tayil ya riƙa fashewa da dare, sokawe ya rufta. Kafin damina ta biyu ta fita bangon baya ya kwanta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma bawan Allahn nan ya koma haya da iyalinsa, shi kuma wancan har yau yana yawo da babbar riga ana ce masa Alhaji. Duk sanda na tuna sai raina ya ɓaci.

Saboda haka in da hali a ga gidan da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi. In ba hali, duba gindin katangar maƙwabta, ruwa yana barin shaidar inda ya tsaya. Daɓen gidan ya fi titi tudu, ko ya fi shi kwari? Shafa bango daga ƙasa zuwa gwiwa. In fenti na kumbura ko farin gishiri na fitowa, ba a sa ledar hana danshi a tushe ba, kuma wannan danshin fenti ba ya maganinsa. Tsaga siririya kamar gashi ta fulasta ce, ba komai. Wadda ta tafi a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, bakinta ya fi faɗi a gefe ɗaya, tushe ne ke motsi. Ƙwanƙwasa bango da bayan cokali, inda aka yi ciko za ka ji sautin ya bambanta.

Tafi da ƙusa. Nemi inda ba a yi fulasta ba, ka karci bulo. Buhun siminti ɗaya bai kamata ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci 9 ba, amma akwai masu fitar da 50. Irin wannan da yatsa ma yana zuba. Leƙa cikin silin da tocila ka ga katako, ko gara ta ci, ko kwano na yoyo. Auna tsakanin rijiya da sokawe, kada ya gaza mita 15. Maganar wuta da famfo ba sai na faɗa maka ba.

Sai takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, don haka takardar mai unguwa shaida ce kawai ta ciniki. A karɓi lambar takardar mallaka a je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da gidan a banki. A leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a tabbatar ba a kan hanya ko magudanar ruwa yake ba. In gidan gado ne, sai an ga takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure. Kuɗi ta banki za a tura, cikin asusun mai gidan, gaban lauya da shaidu, la'adar dillali kuma daban.

Ka ce wa yayanka kada ya ba da ko kafin alƙalami. Ranar Asabar zan je da kaina, ka taho da ƙusa da tocila da igiyar awo.