Wane biki ne Indiyawa ke yi wa shanu kwalliya?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon shanu da ƙahoninsu sun sha fenti, an rataya musu furanni da ƙararrawa, kana tambayar wane biki ne. In a kudancin Indiya aka ɗauke shi, ina kyautata zaton Mattu Pongal ne na jihar Tamil Nadu, rana ta uku a bikin girbi na Pongal, tsakiyar watan Janairu.

Ranar ba bijimin da ke jan garma ko amalanke. Da sassafe ake yi musu wanka, a goge ƙahonin a shafa musu ja da shuɗi da kore, sannan a ba su shinkafar da aka dafa da madara da mazarƙwaila, haɗe da ayaba da rake. Har fitila ake kewaya musu a gaban fuska, yadda ake yi wa gumaka a ɗakin bauta. Godiya ce ta manomi, amma addini na ciki dumu-dumu: a wurin 'yan Hindu saniya uwa ce, cikin allolinsu Krishna makiyayi ne, Shiva kuma bijimi mai suna Nandi yake hawa.

A ƙauyukan yankin Madurai na jihar kuwa ana haɗawa da Jallikattu, inda samari ke rungumar tozon bijimi yana gudu, kusan hawan ƙahon mahautanmu. Kotun ƙolin Indiya ta haramta shi a 2014, sai da aka yi gagarumar zanga-zanga a Chennai, babban birnin Tamil Nadu, a 2017 jihar ta yi dokar da ta dawo da shi.