Hukuncin zuba kuɗin sallama a hannun jari lokacin da darajar naira ke zaizayewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na yi ritaya daga koyarwa, an biya ni kuɗin sallama, bayan na rage basussuka saura naira miliyan 5. Kullum ina ganin abin da za su saya yana raguwa. Wani ma'aikacin banki ya ba ni shawarar in sayi takardun lamunin gwamnati, ya ce tunda ƙarin da za a ba ni bai kai hauhawar farashi ba, ai ba kuɗin ruwa ba ne, diyyar asara ce. Ɗana kuma ya ce in sayi hannun jari. Wanne ya halatta, kuma yaya zakka za ta kasance?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a abin da ka samu, Malam.

Damuwarka tana kan hanya. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dalar da ake saya kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin ƴan watanni, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Idan farashi ya tashi da kashi 30 a shekara, miliyan 5 ɗin da ka kulle a akwati za ta sayi abin da miliyan 3 da dubu 850 ke saya a farkon shekarar. Kare dukiya yana cikin manufofin shari'a, kuma Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Wanda aka umarce shi da juya dukiyar maraya, tasa ma ba a so ya bar ta ta narke.

Sai dai maganar ma'aikacin bankin nan ba daidai ba ce, kuma a nan nake so ka tsaya sosai, domin shubuha ce da ta yaɗu har cikin masu karatu. Takardar lamunin gwamnati, da ajiyar banki ta ƙayyadadden lokaci, dukansu bashi ne: ka ba da kuɗi, an lamunce maka uwar kuɗinka, an kuma yanka maka ƙari tun ranar ƙulla yarjejeniya. Bashin da aka sharɗanta masa ƙari shi ne ainihin ribar da Alƙur'ani ya haramta, wadda mu Hausawa muke kira kuɗin ruwa don kada ta cakuɗe da ribar ciniki. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 279, idan kun tuba kuna da uwar kuɗinku, ba ku zalunta ba, ba a zalunce ku ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tattauna canjin darajar kuɗi a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bashi ana biyansa da kwatankwacin adadinsa, ba a ɗaure shi da tashin farashi. A 1990 kuma ta haramta takardun lamuni masu ƙari, na gwamnati ne ko na kamfani.

Gaskiya ne Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ga a biya ƙimar kuɗin tagulla idan darajarsu ta canza, kuma Rahuni daga Malikiyya ya karkata ga haka idan canjin ya yi muni ƙwarai. Amma su suna magana ne a kan bashin da aka bayar ba tare da sharaɗi ba, musiba ta auku daga baya, aka nemi adalci tsakanin mutum biyu. Babu ɗayansu da ya halatta a rubuta ƙari tun farko. Kuma ka lura, ƙarin da za a ba ka ba ya bin farashin masara. Yana bin ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki, wanda aka ɗaga daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024 don janye kuɗi daga hannun jama'a. Ko farashi ya sauka gobe, za a biya ka abin da aka yanka cif. To ina diyyar take? Ko ta fuskar lissafi ma, miliyan 5 da ta zama 6 a shekarar da farashi ya tashi da kashi 30 ƙarfin sayenta kusan na miliyan 4 da dubu 600 ne kawai. Ga zunubi ga asara.

Hannun jari kuwa asalinsa halal ne, domin tarayya ce. Wanda ya saye shi ya mallaki wani yanki na kamfanin, da injunansa da hajarsa, in an ci riba da shi, in an faɗi da shi. Wannan ɗaukar kasadar ita ce ta halatta ribar, bisa ƙa'idar hadisin da ya ce amfani yana tare da lamuni. Majalisar Fiƙihu ta tabbatar da haka a Jidda a 1992. Amma halaccin yana da sharuɗɗa, kuma ɗanka zai taimake ka wajen duba su.

Ka fara da sana'ar kamfanin. Bankunan kuɗin ruwa, inshorar da ba takaful ba (wato inshorar Musulunci ta taimakon juna), kamfanonin giya, caca da taba duk a waje suke, komai yawan ribar da suke rabawa. Na san bankuna na cikin waɗanda suka fi rabon riba a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, kuma su dillali zai fara nuna maka. Ka kau da kai.

Matsalar tana ga kamfanin da sana'arsa halal ce, kamar siminti, sukari, fulawa ko sadarwa, amma yana cin bashin banki da ruwa ko yana ajiya mai ruwa. Malamai sun kasu biyu. Wasu sun hana gaba ɗaya, suka ce mai hannun jari abokin tarayya ne, abin da shugabannin kamfani suka ƙulla da sunansa suka ƙulla, kuma wannan shi ne asalin da Majalisar Fiƙihu ta tafi a kai. Wasu, ciki har da hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, sun yi rangwame saboda buƙatar jama'a, da iyakoki uku: bashin ruwan da ke kan kamfanin kada ya wuce kashi 30 na darajarsa a kasuwa, kuɗin da ya ajiye da ruwa kada su wuce kashi 30, abin da ke shigo masa ta hanyar haram kada ya wuce kashi 5 na dukan kuɗin shigarsa. Abin da na fi natsuwa da shi: wanda ya samu kamfani tsarkakakke ko wata halastacciyar hanya, ya wadatu da ita, wanda bai samu ba, ya yi aiki da rangwamen, yana sane da cewa rangwame ne, ba wanke kuɗin ruwa aka yi ba.

Waɗannan alƙaluma suna cikin rahoton shekara na kowane kamfani, kuma dole a sake duba su aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman a irin wannan yanayi. Kamfanin da ya ci bashin dala, da naira ta faɗi sai bashinsa ya ninka a lissafin naira ba tare da ya karɓi ko kwabo ba. MTN Nigeria ya sanar da asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 saboda canjin kuɗi, alhali cinikinsa ƙaruwa ya yi. Kamfanin da ya tsallake iyaka bara yana iya faɗawa bana. In ya faɗa, ka sayar cikin lokacin da ba zai jawo maka mummunar asara ba. Wanda ba zai iya wannan bincike ba, akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic da aka kafa a 2012, yana tace kamfanoni bisa shari'a, akwai kuma asusun zuba jari na halal masu kwamitin malamai.

Sai tsarkakewa. A ce kamfani ya samu biliyan 100, biliyan 3 daga ciki kuɗin ruwa ne, wato kashi 3. Idan rabonka ya zo naira dubu 200, ka fitar da dubu 6 ka sa a maslahar talakawa. Ba sadaka ba ce da za ka jira ladanta, ba ta shiga lissafin zakka, ba a biyan haraji da ita, ba a kuma ciyar da iyali da ita.

Yadda ake cinikin ma yana da hukunci. Kada ka ci bashin ruwa don sayen hannun jari. Abin da ya rusa mutane a 2008 ke nan: bankuna sun ba da rance an sayi hannun jari, ma'aunin kasuwa, wanda ke nuna tashi da saukar farashin hannun jari gaba ɗaya, ya kai sama da maki 66,000 a watan Maris, kafin ƙarshen shekara ya sauko ƙasa da rabin haka, aka bar mutane da bashi ba kadara. Kada ka sayar da abin da ba ka mallaka ba, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Hakim ɗan Hizam hakan. Manhajojin waya da ake cacar tashi da saukar farashi ba tare da mallakar komai ba, caca ce. Duk wanda ya yi maka alkawarin riba tabbatacciya kowane wata, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a. Ka bi ta dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake adana hannun jarinka, da sunanka, ka kuma cike takardar da za a riƙa tura rabonka kai tsaye asusun bankinka.

Halacci kuma daban, dacewa daban. Ma'aunin kasuwar ya tashi da sama da kashi 37 a 2024, ɗan kaɗan ya ɗara hauhawar farashi, kuma matsakaici ne, wasu kamfanonin faɗuwa suka yi. Kai mai ritaya ne, ba albashin da zai cike gurbi. Ka ware kuɗin cefane da magani na aƙalla wata shida a asusun da ba ruwa. Kada ka sa a hannun jari sai abin da za ka iya haƙura da shi shekara uku zuwa biyar, ka raba shi a kamfanoni masu sana'a daban-daban, ka saya kaɗan-kaɗan cikin watanni. Wani kaso kana iya sa shi a sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari na Musulunci, wanda aka fara a 2017 don gina hanyoyi. An gina shi a kan haya, ba bashi ba, duk da cewa shi ma hayarsa tana iya gaza hauhawar farashi.

Zakka tana bin niyya. Nisabi ƙimar giram 85 na zinare ne, abin fitarwa kashi 2.5. Mai saye da sayarwa a kai a kai, wanda Malikiyya ke kira mudiri, zai ƙimanta hannun jarinsa da farashin kasuwa ranar da shekararsa ta cika, ya haɗa da kuɗin hannunsa ya fitar. Wanda ya saya yana jiran farashi ya tashi kafin ya sayar, a mazhabar Malik zakkar shekara ɗaya zai fitar ranar da ya sayar. Wanda ya riƙe don rabon shekara kawai, idan kamfanin bai fitar a madadinsa ba, zai duba kasonsa na tsabar kuɗi da hajar sayarwa da ke cikin kamfanin ya fitar a kai, ban da gine-gine da injuna, sannan ya haɗa rabon da ya karɓa da sauran kuɗinsa. Miliyan 5 ɗinka kuwa, ka tambayi farashin giram na zinare a ranar da shekara ta zagayo ka ninka sau 85, domin nisabin ma yana tafiya da faɗuwar naira, yana yiwuwa ka tarar ba ta kai ba.

Wallahu a'alam.